Maganin araha a asibitin gwamnati: ingancinsa ɗaya da mai tsada? Kuma me ke cinye jarin sito?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar magani a wannan zaure. Kwamitocin unguwa da ke sa ido a kan asibitocin sha-ka-tafi a nan Zariya suna fama da ƙorafi iri biyu daga jama'a. Na farko, mutane suna raina maganin da ake bayarwa a asibitin gwamnati, wai araha ba ta ado, wai ɗan Indiya ne ba ya ji, gara a je kemis a Sabon Gari ko PZ a sayi orijina ko da kuɗinsa ya ninka sau biyar. Na biyu, ko wannan mai arahar ma sau da yawa babu shi, sai a rubuta wa mutum takarda a ce ya sayo a waje, alhali an ce akwai jarin da ake juyawa don kada sito ya bushe.

To mene ne ainihin manufar gwamnati a kan wannan? Da gaske maganin araha daidai yake da mai tsada? Sannan ina jarin yake zurarewa, kuma me ɗan kwamiti zai duba don ya gane? Ina son bayani da lissafi, wanda za a iya karanta wa mutane a zaman kwamiti.

Mai Harhaɗa Magani

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa wuri ɗaya. Akwai maganin kamfanin da ya fara ƙirƙiro shi, akwai irinsa da wasu kamfanoni ke yi bisa doka, akwai kuma jabu ko marar inganci. Na biyun shi ne manufar gwamnati. Na ukun shi ke ɓata masa suna.

Kamfanin da ya gano magani yana samun haƙƙin mallaka na shekara 20, ba mai yin irinsa sai da izininsa, shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Idan wa'adin ya cika, duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa zai iya yi, ba kuma ya ɗauke da kuɗin bincike da na talla, ga gasa. Nan arahar ta samo asali. Panadol farasitamol ne miligiram 500. Augmentin 625 amoksisilin ne 500 haɗe da kilabulanik 125. Norvasc amlodifin ne, Glucophage metfomin, Ventolin salbutamol, Coartem kuwa atimita da lumefantirin. A mafi yawan kwalaye za ka ga suna biyu: babban na kamfani ne, ƙaramin da ke ƙasansa shi ne sunan sinadarin da ke aikin. Wanda ke raina ɗan Indiya ya tuna cewa a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ne ya yi tayin haɗin maganin ƙanjamau a kan dala 350 a shekara, lokacin da ake sayar da shi sama da dala 10,000. Da wannan sauƙin farashin ne aka kai ga raba shi kyauta a ƙasashenmu.

Yadda ake tabbatar da cewa biyun ɗaya ne: ana ba mutane masu lafiya maganin asali, a riƙa ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci, a huta kwanaki, sannan a ba su ɗaya maganin a sake ɗiba. Ana gwada ƙololuwar da maganin ya kai a jini da kuma jimillar wanda ya shiga jiki. Dole sakamakon, har da gefen kuskuren lissafi, ya zauna tsakanin kashi 80 da 125 cikin 100 na na asalin. Wasu suna fassara wannan da cewa an yarda a rage kashi 20 na sinadari. Ba haka ba ne, iyakar lissafi ce, kuma kafin magani ya zauna cikinta sai matsakaicinsa ya yi kusa ƙwarai da na asali. Yawan sinadari a ƙwaya gwajinsa daban, mafi yawan ƙwayoyi ana son su tsakanin kashi 90 da 110 na abin da aka rubuta a kwali.

Batun manufa kuwa tsohuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko a 1977, wajen guda 200. Nijeriya ta yi dokar nata jerin a 1989, ta fitar da manufar magunguna ta ƙasa a 1990, ta sabunta a 2005 da 2021. Abin da take cewa a taƙaice: asibitin gwamnati ya sayi abin da ke cikin jerin, likita ya rubuta da sunan sinadari ba na kamfani ba, a sayo da yawa a dunƙule don farashi ya sauka, a fifita na gida idan ya cika sharuɗɗa. Dalili a fili yake, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Mai hawan jini da zai sha ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwarsa, idan ka ɗora shi a kan mai tsada, wata biyu zai yi ya daina.

Sai dai tsoron jama'a ba a banza yake ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labari: a ƙarshen 2008 Zariya na cikin wuraren da aka ga yara da ƙodarsu ta tsaya saboda ruwan maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da sinadari mai guba, yara 84 suka rasu a faɗin ƙasa. Amma ka lura, masu yin jabu suna kwaikwayon mai tsada ma, don akwai riba a nan. Tsadar kwali ba ta wanke shi.

Abin dubawa shi ne lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka buga maganin a ciki, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, kuma lambar rukunin da ke kwali ta yi daidai da wadda ke jikin katin ƙwayoyin. Lambar NAFDAC kanta ana buga ta ƙarya, shi ya sa ake shigar da ita a kundin Greenbook na hukumar a intanet, a ga ko sunan magani da kamfanin da suka fito su ne na hannunka. Maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wurin kankarewa, ka tura lambar ta tes zuwa lambar da ke jikin kwalin, amsa ta dawo nan take. Tun 2010 aka fara wannan, amma mutane ƙalilan ke yi.

Tsohon Ma'ajin Sito

Malam Ɗan Tudun Wada, ɓangare na biyu na tambayarka shi ya fi ciwo, kuma yawanci da an ji sito ya bushe sai a ce sata. Akwai sata, amma jari yana iya mutuwa ba a ɗauki ko kwabo ba.

Tsarin ya samo asali daga shirin Bamako na 1987: a zuba wa asibiti magani na farko a matsayin jari, a sayar da 'yar riba, a mayar da kuɗin gaba ɗaya a sayo wani. Ga misalin lissafi, alƙaluman na misali ne kawai. An zuba kayan naira miliyan 1, an ɗora ribar kashi 10, an sayar duka, an tara 1,100,000. Kafin a koma sari kaya sun tashi da kashi 20, abin da aka saya miliyan 1 ya koma 1,200,000. Kuɗin hannunka kashi 92 na kayan farko zai sayo. Yanzu cire kashi 5 na bashin da ba a biya ba da wanda wa'adinsa ya ƙare, saura 1,045,000, wato kashi 87. Juya haka sau huɗu, kayan sito ba su kai kashi 60 na farko ba, alhali littafi yana nuna an ci riba kowane zagaye. Irin wannan ne ya faru da asusu da yawa bayan watan Yunin 2023, da dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, a ƙasar da kusan kashi 70 na maganinta daga waje yake zuwa, wanda ake yi a gida ma sinadarinsa daga Indiya da Sin ake kawowa.

Maganin wannan: a ɗora riba a kan farashin da za a sayo gobe, ba wanda aka sayo jiya ba, a kuma duba farashi duk wata. Mutane za su yi ƙorafi, amma ƙarin naira 50 a asibiti ya fi sauƙi a kan a tura su kemis.

Sauran ƙofofin da jari ke fita:

Bashi. Ma'aikaci, ɗan'uwan ma'aikaci, aiken wani babba. Duk wanda za a yafe wa, mai haɗari ko wanda ba shi da ko sisi, a rubuta shi a littafi daban, a kuma san aljihun da zai biya a ƙarshen wata. Yafiyar da ba mai biyanta jari take ci.

Aron kuɗin magani a sayi man janareta, ko a gyara famfo, ko a yi hidimar baƙi. Ba ya dawowa. Asusun magani a banki ya zama shi kaɗai, sa hannu biyu, incaj da wakilin kwamiti.

Sai mafi muni, ma'aikaci ya kawo nasa maganin yana sayarwa a tagar asibiti, na gwamnati yana kwance har ya lalace. Alamarsa, marasa lafiya sun ƙaru a rajista amma cinikin sito ya ragu.

Oda kuma da lissafi ake yin ta. Ɗauki amoksisilin mai narkewa a ruwa na yara, miligiram 250. A ce wata uku an fitar da 900, 1,200 da 1,500, matsakaici 1,200 a wata. Idan kaya na ɗaukar mako biyu kafin su iso, wannan 600 ne, ƙara ajiyar ko-ta-kwana ta wata ɗaya, 1,200. Ke nan da zarar katin sito ya nuna 1,800 a tura oda, a cike zuwa na wata uku, 3,600. Kuskuren da aka fi yi: watan da magani ya yanke kwana 15 aka fitar da 600 kawai, sai a rubuta 600 a matsayin buƙatar watan, alhali 1,200 ce. Haka oda ke ta ƙanƙancewa. Kuma kada a yi odar maganin maleriya na Agusta da lissafin Maris, a ɗauko na daminar bara, daga Yuli zuwa Oktoba.

A kan kanta, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ne a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Kada a karɓi kayan da saura wata uku ko huɗu su ƙare don an rage farashi, sai in an tabbata za su fita. Maganin tarin fuka, na ƙanjamau, allurar rigakafi da maganin maleriyar damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59 kyauta ne, kantarsu daban, littafinsu daban.

A jihar nan ta Kaduna hukumar KADHSMA ce ke da alhakin sayo magani a dunƙule ta rarraba wa asibitocin jiha. Amfaninta biyu, farashin sari da sanin asalin kaya. Idan ba ta da abu aka sayo a waje, to daga dillali mai rajista, da rasit mai ɗauke da lambar rukuni.

Likitar Yara

Na yarda da bayanin Malam mai harhaɗa magani, amma kada a karanta wa jama'a shi kamar kowane magani ana musanya shi ido rufe. Akwai waɗanda tazarar da ke tsakanin warkarwa da cutarwa a cikinsu ƙanƙanuwa ce: fenitoyin da kabamazefin na farfaɗiya, wafarin mai tsinka jini, lebotairoksin na maƙoƙo, digoksin na zuciya. Ba cewa ake yi sai mai tsada ba. Cewa ake yi wanda aka daidaita mutum a kansa, ko na wane kamfani ne, ya zauna a kansa. Mai sayo wa asibiti da ke canza kamfani duk oda don ragin naira 20 yana iya jawo wa mai farfaɗiya faɗuwa bayan ya shekara lafiya. Haka nan nifedifin da metfomin suna da mai sakin aiki a hankali da mai saki nan take, sunan sinadari ɗaya, miligiram ma wani lokaci ɗaya, amma ba a musanya su, ba a kuma raba mai saki a hankali biyu ko a daka shi.

Sannan yawancin "ba ya ji" da ake ɗora wa maganin araha ba laifin kamfani ba ne. Maganin maleriya mai 20/120, wato atimita miligiram 20 da lumefantirin 120, babba yana shan ƙwaya 4 sau biyu a rana kwana uku, 24 ke nan, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma da abinci mai maiƙo ko madara, don lumefantirin ba ya shiga jiki sosai a cikin da ba komai. Mutum ya sha 8, zazzaɓi ya sauka, ya ajiye sauran don wani ciwon, bayan mako biyu ya dawo yana zagin maganin. Wani kuma tun farko ba maleriya ba ce, ba a yi gwajin ɗan yatsa ba. Yaro ɗan shekara 2 mai limoniya yana buƙatar amoksisilin 250 guda biyu safe da yamma kwana 5, guda 20, amma sau da yawa na kuɗin da ke hannu ake yanka wa uwa.

Ga kuma zafi. Mafi yawan kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Maris da Afrilu muna dosar 40, sito mai rufin kwano ba silin ya fi haka. Oksitosin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini yana son firji, digiri 2 zuwa 8, haka insulin da ba a buɗe ba. Ruwan amoksisilin da kilabulanik idan an haɗa shi, firji, kuma kwana 7 ne. Magani yana iya fitowa daga kamfani lafiya ƙalau ya mutu a bayan mota ko a kan tiren mai talla a tasha. Ɗan kwamiti ya tambaya ko akwai ma'aunin zafi a sito da firji, da takardar da ake rubuta shi safe da yamma.

Mu ma masu rubutawa da namu. Wakilan kamfanoni suna zagaya asibitoci, sunan kamfani ya fi zama a ka, sai a rubuta shi. Majinyaci ya kai takarda, a ce babu wannan amma ga irinsa, ya ɗauka ana so a cuce shi.

Ɗan Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, Hajiya Likita, da sauran malamai. Saura ɗaya: masu katin inshora su ma suna kuka, ana ce musu maganin da aka rubuta ba ya cikin tsari, ko a ba su farasitamol kawai a ce su sayi sauran. Wannan fa?

Ma'aikacin Inshora

Ranka ya daɗe, inshora, ta tarayya ce ƙarƙashin NHIA ko ta jiha ƙarƙashin KADCHMA, tana da jerin magungunanta da sunan sinadari da farashin da za ta biya. Idan an rubuta sunan kamfani mai tsada, abin da mai kati ke da haƙƙi a kai shi ne irinsa da ke cikin jerin. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. Talakan da aka yi wa rajista ƙarƙashin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, ba ya biyan komai a kan abin da ke cikin kunshin. Dokar ta ce kashi 20 na wannan asusu na magani ne da rigakafi da kayan aiki, kuma ta asibiti ɗaya a kowace gunduma ake bi, jihar nan tana da gunduma 255.

Inda ake samun matsala: a matakin farko ana biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba. Idan farashin magani ya ninka wannan kuɗi bai motsa ba, ko ya makara, kowace ƙwaya da asibiti ya bayar asara ce gare shi, sai a fara cewa babu. NHIA ta ƙara farashin da take biya a 2024 ta sake ƙarawa a 2025 saboda haka. Mai kati ya nemi a nuna masa jerin. Idan maganin na ciki aka ce ya sayo a waje, ya riƙe takardar likita da rasit, ya kai wa jami'in inshora na asibitin, in ba a yi komai ba ya wuce ofishin hukumar.

Mai Kemis

Tunda an ambaci kemis, bari mu ma mu ce wani abu. Tsadar orijina ba mu muka ƙirƙiro ta ba. GSK, mai Augmentin da Ventolin, ya sanar a Agustan 2023 cewa ya daina sayarwa da kansa a Nijeriya sai ta hannun dillalai, Sanofi ya bi baya kafin ƙarshen shekarar, kayansu suka yi wuya suka yi tsada. A Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin cire harajin kwastan da na VAT a kan sinadarai da injinan yin magani na shekara biyu, amma mai masana'anta har yanzu da dala yake sayo sinadari, da dizal yake aiki, shi ya sa sauƙin bai iso kanta da sauri ba. Na gida kuma yana tasowa, Swipha ta Legas ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara a 2023.

Wajen sari, tun Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani na kasuwar Sabon Garin Kano aka ce a koma cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, inda jami'an NAFDAC da na hukumar masu harhaɗa magunguna suke. Kowa ya tambayi mai kemis ɗinsa inda yake sari, ya kuma duba lasisinsa a bango. Lasisin ƙaramin kemis bai ba shi damar yin allura ko sa ƙarin ruwa ba.

Tsohon Ma'ajin Sito

Malam, ga abin da za ku yi a zaman wata, ba ya cin awa ɗaya. Ku zaɓi magani 10 da aka fi nema: na maleriya, amoksisilin, farasitamol, gishirin gudawa da zinc, amlodifin, metfomin, maganin ƙarin jini na masu ciki, oksitosin, da makamantansu. Ku ƙirga na kan kanta da hannunku ku gwada da katin sito, ku rubuta kwana nawa kowanne ya yanke a watan. Sannan ku haɗa kuɗin banki, da na aljihun tebur, da darajar kayan sito a farashin sari na yau, ku cire bashin da dillali ke bin asibiti. Wannan adadi ku raba shi da kuɗin da zai sayo kayan farko a yau. Idan ya sauka wata biyu a jere, ku buɗe littafin bashi da na yafiya kafin ku je kan rasit ɗin saye.